Binciken Jami'o'inmu Da Bukatun Batsari Da Safana

A 'yan shekarun nan da wuya a yi bikin yaye ɗalibai ko na buɗe sabon gini a wata jami'a ta ƙasar nan ba tare da manyan baƙi sun ambaci kimiyya da fasahar ƙere-ƙere ba, suna cewa su ne mabuɗin ci gaba. Wannan magana gaskiya ce, ba mu da ja a kanta. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, yawancin lokaci maganar takan ƙare a kan gine-gine da injunan da za a sayo daga ƙasashen waje, a bar tambayoyi biyu waɗanda suka fi gini da inji muhimmanci, watau waɗanne irin masu ilmi za a tara a ɗakin bincike, kuma me za a ce su bincika. A yau muna so mu duba waɗannan tambayoyi ta kan fanni guda, shi ne injiniyancin ƙananan na'urori, sa'an nan mu auna amsar da halin da jama'ar ƙananan hukumomin Batsari da Safana suke ciki a yammacin Jihar Katsina.

Ga wanda bai san wannan fanni ba, ƙananan na'urorin da muke nufi su ne waɗanda ake sassaƙawa a kan ɓallin silikon, wani sinadari da ake tacewa daga yashi. Ana auna sassansu da maikiromita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na mita, alhali kuwa kaurin silin gashin kan mutum ya kai wajen maikiromita 70. Aikinsu shi ne su ji abin da ke faruwa a kewayensu, ko zafi ne, ko laima, ko motsi, ko wani sinadari a cikin ɗigon jini ko na ruwa, su mai da shi saƙon lantarki wanda za a iya karantawa. Duk mai wayar hannu ta zamani yana yawo da irinsu a aljihunsa. Ɗaya daga cikinsu ce ke sa hoto ya juya idan an karkata wayar, wata kuma ita ce ke ɗaukar muryar mai magana. Haka nan a cikin mota, irin wannan na'ura ce ke jin karo ta sa jakar iska ta kumbura domin kare direba.

To, abin lura a nan shi ne babu wani digiri guda da ya ƙunshi duk ilmin da ake bukata kafin a ƙera ko da mafi sauƙin waɗannan na'urori. A ɗauki misalin ma'aunin da zai faɗi yawan laimar da ke cikin buhun hatsi. Masanin fiziks ne zai bayyana yadda ruwan da ke cikin ƙwaya yake canja halin lantarki. Masanin kemistiri ne zai zaɓi sinadarin da za a shafe fuskar na'urar da shi. Injiniyan lantarki zai tsara hanyar da ɗan ƙanƙanin saƙon zai bi har ya zama lamba, injiniyan injuna ya ƙera mata kwanson da zai jure ƙura da faɗuwa, masanin kwamfuta kuma ya rubuta umarnin da za ta yi aiki da shi. Bayan duk wannan, in babu masanin aikin gona da zai ce ga yawan laimar da gero ke jurewa a rumbu, ga kuma inda ya bambanta da masara, to an yi aikin banza. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu inda wannan karin magana ta fi dacewa kamar a irin wannan ɗakin bincike.

Tarihin fannin kansa ya tabbatar da haka. A shekarar 1947 ne aka ƙirƙiro taransista a ɗakunan binciken kamfanin Bell da ke Amurka. Mutane uku da aka ba kyautar Nobel saboda wannan aiki a 1956, watau John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley, duk masana fiziks ne, amma abin bai zama kayan kasuwa ba sai da masana kemistiri da masana ƙarafa na wannan wuri suka gano yadda za a tace sinadaran da ake yin ta da su. Har ila yau a wannan wuri ne, tsakanin 1959 da 1960, aka ƙera irin taransistar da kusan dukan kwamfutoci da wayoyin duniya suke aiki da ita a yau. Waɗanda suka yi wannan aiki mutum biyu ne. Na farko Mohamed Atalla, haifaffen Port Said ta ƙasar Masar, wanda ya yi karatu a Jami'ar Alƙahira, ya kuma sami digirin dakta a Jami'ar Purdue a 1949 a fannin injiniyancin injuna. Na biyu Dawon Kahng, mutumin Koriya, wanda ya fara da fiziks ya ƙare da injiniyancin lantarki. Da a ce an tsaya duba takardun Atalla an ce masa fanninsa injuna ne, saboda haka ba shi da hurumi a sha'anin lantarki, da duniya ta yi babbar hasara.

Ƙasashen da suka ci gaba a wannan fanni sun riƙe wannan darasi. A Jami'ar Freiburg ta ƙasar Jamus akwai sashe sukutum na injiniyancin ƙananan na'urori, wanda ya ƙunshi ɗakunan bincike da dama, wannan yana aikin ma'aunai, wancan yana aikin sarrafa ɗigon ruwa a cikin siraran magudanai, wani yana aikin na'urorin likita, wani kuma aikinsa kawai shi ne harhaɗa na'ura da sanya ta cikin kwanso. Malaman da ke shugabancin waɗannan ɗakuna daga fannoni dabam-dabam suka fito, amma suna ƙarƙashin inuwa ɗaya, kuma ɗalibi yana ratsa su kafin ya gama. Amfanin irin wannan cuɗanya ya iso har asibitocinmu. Kurt Petersen, wanda ya rubuta wata shahararriyar maƙala a 1982 a kan yadda za a yi amfani da silikon wajen ƙera sassa masu motsi, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Cepheid a 1996. Wannan kamfani ne ya ƙera injin GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010 domin gwajin tarin fuka, yana ba da sakamako cikin wajen awa biyu, ana kuma aiki da shi a Nijeriya.

Kada wani ya ɗauka cewa haɗa fannoni baƙon abu ne a wurinmu. Malaman Katsina na dā ba su san katanga tsakanin ilmi da ilmi ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya haɗa ilmin addini da lissafi da ilmin taurari, kuma har yau ana ambatonsa a tarihin lissafi. A zamanin boko ma muna da misali a Samaru ta Zariya, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922. Irin gyaɗa da wake da dawa da suka fito daga can, waɗanda manomanmu suke shukawa, sun samu ne saboda an zaunar da masu kyautata iri da masana ƙwari da masana ƙasar noma da masana tattalin arziki a wuri ɗaya, aka ɗora su a kan matsalar manomin Arewa.

Abin baƙin ciki shi ne al'adar da ta yi ƙarfi a jami'o'inmu ta saɓa wa wannan. Idan za a ɗauki malami, sau da yawa akan fi son wanda digirinsa na farko da na biyu da na uku duk suna kan layi ɗaya, wanda kuwa ya ƙetara daga kemistiri zuwa injiniyanci sai a riƙa kallonsa kamar jemage, ba shi ga tsuntsu ba shi ga dabba. Kowane sashe yana kulle kayan aikinsa, ɗalibin wani sashe ba ya taɓawa sai da takarda bisa takarda. Wajen ƙarin girma kuma yawan maƙalun da mutum ya buga ake ƙirgawa, har akan rage wa maƙalar da mutane da yawa suka haɗu suka rubuta maki. Malami mai hankali, wanda yake da iyali, zai zaɓi binciken da zai gama shi kaɗai cikin 'yan watanni, ya guji wanda zai ci shekara huɗu yana bukatar abokan aiki biyar da zirga-zirga zuwa ƙauye. Ba mu ga laifinsa ba, domin tsarin ne ya koya masa haka. Sakamakon dai shi ne kundaye sun cika kantoci a ɗakunan karatu, manomi kuwa bai san an yi su ba.

Yanzu bari mu juya ga tambaya ta biyu, watau me za a bincika. A ganinmu, duk jami'ar da ke Jihar Katsina wadda take neman abin bincike ba ta bukatar leƙa nesa. Safana maƙwabciyar Dutsin-ma ce, inda Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a 2011, Batsari kuma hanya ɗaya ce ta haɗa ta da birnin Katsina, inda jami'ar jiha, wadda yanzu ake kira Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, take tun 2006. Mutanen waɗannan ƙananan hukumomi biyu manoma ne da makiyaya, ƙasarsu ta jingina da Dajin Rugu, kuma shekaru da yawa ke nan suna fama da hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka raba dubbai da gonakinsu, suka kuma sa ma'aikata da dama suna ɗari-ɗarin zuwa ƙauyuka. Wuri irin wannan, inda malamin gona da malamin asibiti da makanikin famfo ba sa iya zuwa a kai a kai, shi ne ya fi ko'ina bukatar na'urar da za ta tsaya a madadinsu ta yi awo ta aiko da labari.

Matsala ta farko ita ce ajiyar amfanin gona. Manomin da ke tsoron a ƙone masa rumbu ko a sace, yakan yi hanzarin girbi ya zuba a buhu ya kai cikin gari, wani lokaci tun hatsin bai gama bushewa ba. Masara da gyaɗa da aka ajiye da laima suna yin fumfuna, wadda ke haifar da gubar da masana ke kira afalatoksin, gubar da ke jawo ciwon dajin hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Masana sun ce kada a ajiye masara sai laimarta ta sauko zuwa wajen kashi 13 cikin 100. Manominmu da haƙori yake gwadawa. Ma'auni mai araha wanda aka daidaita shi da gero da dawa da wake da gyaɗar ƙasarmu, wanda ɗan kasuwa a Batsari ko Runka zai cusa a buhu ya ga amsa nan take, bincike ne da ya isa a ba mutum digirin dakta a kansa.

Ta biyu ita ce ruwan sha. Kowa ya san yadda rijiyar burtsatse takan lalace a ƙauye ta yi watanni ba a gyara ba, saboda labari bai kai ga hukuma ba, ko kuma ya kai amma ba a san abin da ya ɓaci ba. Ƙaramar na'ura da aka liƙa wa famfo tana iya faɗin ko yana aiki, da yawan ruwan da yake fitarwa, da kuma yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake sauka da rani. Akwai kuma batun tsabtar ruwan kansa da ƙasar da ake zaune a kanta. Ba mu manta ba da abin da ya faru a maƙwabciyarmu Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 kafin a shawo kan al'amarin. Da akwai hanyar gwaji mai sauƙi a hannun ma'aikatan lafiya na ƙauye, da an farga da wuri.

Ta uku ita ce lafiya. Yawancin alluran rigakafi suna bukatar a ajiye su tsakanin digiri 2 da digiri 8 na ma'aunin zafi, alhali a watan Afrilu zafin Katsina yakan wuce digiri 40. Allurar da zafi ya lalata, in an yi wa yaro, uwa ta koma gida da tsammanin ɗanta ya tsira, nan kuwa bai tsira ba. Na'urar da za ta bi akwatin allura tun daga ma'aji har Wagini ko Zakka tana rubuta zafin da ya sha a hanya, tana kuma aiki da hasken rana, tana iya zama bambanci tsakanin rai da mutuwa.

Ta huɗu ita ce isar da saƙo. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda dalilan tsaro, har da Batsari da Safana, aka yi watanni a haka. Wannan ya nuna mana cewa duk na'urar da ta dogara ga layin kamfanin waya kaɗai ba za a iya dogara da ita a wannan yanki ba. Saboda haka yadda ƙananan na'urori za su riƙa miƙa wa juna saƙo ta rediyo mai cin wuta kaɗan, daga ƙauye zuwa ƙauye har ya isa hedkwata, shi ma babban abin bincike ne.

Wani zai ce ai duk waɗannan na'urori akwai irinsu a kasuwannin duniya, a sayo mana kawai. Amsarmu ita ce an daɗe ana sayowa, kuma kowane ma'aikacin gwamnati ya san inda da yawansu suka ƙare, watau a sito, ƙura ta rufe su. An ƙera su ne domin ƙasashen da wutar lantarki ba ta yankewa, inda babu hazon hunturu, inda kuma mai gyara yake kusa. Sanin abin da ke kashe na'ura a yanayinmu, da sake mata kwanso, da daidaita awonta da amfanin gonarmu, da sa ta yi bayani da Hausa ko da alamar da wanda bai yi boko ba zai gane, wannan shi ne binciken da babu wanda zai yi mana shi a Jamus ko Sin.

Wani kuma zai ce mutanen da ba su iya barci da ido biyu rufe ba, ina ruwansu da ƙananan na'urori, a fara ba su tsaro tukuna. Babu shakka tsaro shi ne gaba da kome, kuma wannan jarida ba ta daina kira a kansa ba. Amma aikin soja da ɗan sanda dabam, aikin jami'a dabam, kuma ɗaya ba ya jiran ɗaya. Horar da mai bincike guda yana cin shekara goma ko fiye. In muka ce sai ƙura ta lafa za mu fara, to ranar da jama'a suka koma gonakinsu gaba ɗaya za su tarar ba mu tanadar musu kome ba.

Saura batun kuɗi. Gaskiya ne masana'antar da ake sassaƙa silikon a cikinta tana cin dala biliyoyi, kuma babu mai hankalin da zai ce Jihar Katsina ta gina irinta. Amma ba a nan ake farawa ba. Tun 1981 jami'o'in Amurka suke da wani tsari mai kama da watanda, inda jami'o'i da yawa suke haɗa zane-zanensu a kan faifan silikon guda, a kai masana'anta a buga, kowa ya biya kasonsa ya karɓi nasa. A 2020 kuma kamfanonin Google da SkyWater suka saki ƙa'idojin zana irin waɗannan na'urori kyauta ga kowa. Ashe ke nan zane da harhaɗawa da gwaji duk ana iya yinsu a Dutsin-ma ko Katsina da kwamfutoci da kayan awo da wutar rana. Taiwan ma da mutane ta fara. A 1976 ta tura tawagar matasan injiniyoyi zuwa kamfanin RCA na Amurka, aka rarraba su, wasu suka koyi zane, wasu sarrafawa, wasu gwaji, wasu kula da injuna, suka komo gida suka haɗu a wuri ɗaya. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka kafa kamfanin TSMC a can, wanda a yau babu kamarsa a duniya wajen buga wa wasu kamfanoni irin waɗannan na'urori.

Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka. Na farko, jami'o'in da ke jihar nan tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina su haɗu su kafa ɗakin bincike guda na ƙananan na'urori, wanda ba mallakar wani sashe ba ne, su kuma nemi haɗin kan sashen mekatironiks da Cibiyar Binciken Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa na Jami'ar Bayero, da injiniyoyin Jami'ar Ahmadu Bello, da hukumar NASENI wadda aka kafa tun 1992 domin irin wannan aiki. Na biyu, wajen zaɓen ma'aikatan ɗakin a duba abin da mutum ya iya da gurbin da zai cike, a daina hukunta wanda ya ƙetara daga fanni zuwa fanni, a kuma ba ƙwararrun ma'aikatan ɗakin gwaji albashi da martabar da za ta riƙe su, domin su ne ke sa inji ya rayu. Na uku, idan za a tura malamai ƙaro ilmi da kuɗin asusun TETFund ko na jiha, a tura su a matsayin tawaga mai manufa ɗaya, kowa da ɓangaren da zai koyo. Na huɗu, majalisun jami'o'i su gyara ƙa'idar ƙarin girma, yadda na'urar da aka gwada ta yi aiki shekara guda a ƙauye za ta sami makin da bai gaza na maƙala ba.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, musamman na Ma'aikatun Gona da Lafiya da Ruwa, da hukumomin KTARDA da RUWASSA, da sakatariyoyin Batsari da Safana, nauyin da ke kansu shi ne su rubuta matsalolin da suke gani kullum a fili, dalla-dalla, su miƙa wa jami'o'i kowace shekara, su kuma ware wani abu a kasafinsu domin sayen abin da aka ƙera a gida in ya ci jarrabawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Malamin jami'a ba zai san abin da ke damun famfon Ruma ba sai wanda ke kula da shi ya gaya masa.

Ɗalibai kuma muna jan hankalinsu da kada su raina fiziks da kemistiri da lissafi, suna ganin fannoni ne na wanda ya rasa gurbin likita. Su ne harsashin duk abin da muka ambata. Wanda yake karanta ɗaya ya leƙa ajin ɗayan, ya koyi riƙe kayan aiki da hannunsa, ya koyi rubuta wa kwamfuta umarni, kuma idan lokacin zaɓen kundin kammala karatu ya zo ya tuna da garinsu. Muna kuma roƙon Gwamnatin Jiha da ta keɓe guraben tallafin karatu a waɗannan fannoni ga 'ya'yan Batsari da Safana da sauran ƙananan hukumomin da rikici ya taɓa, maza da mata, domin su ne suka san hanya, su ne kuma jama'a za su yarda da su.

Katsina ta yi suna da ilmi tun zamanin Gobarau, kuma daga kwalejinta da aka buɗe a farkon shekarun 1920 aka sami shugabannin Arewa na farko. Abin da ake jira daga jami'o'inta na yau shi ne su tara masu ilmi iri-iri a ɗaki ɗaya, su sa musu matsalar talakan jihar a gaba. Muna fata hukumomin da abin ya shafa za su duba waɗannan shawarwari tun kafin a zauna tsara kasafin kuɗi na gaba. Allah ya ba su ikon yin haka, ya kuma maido da zaman lafiya a Batsari da Safana da ƙasa baki ɗaya.